Me Ya Sa Mota Take Yoyon Ruwa?

Unguwar Zongo tana yammacin birnin Wagadugu, ba nisa da babbar hanyar da ta nufi Bobo Julaso. Motoci da yawa suna bin wannan hanya, ɗauke da mutane da kaya. A watan Afrilu, zafin rana yakan wuce digiri 40. A lokacin nan mukan ga mota tsaye a bakin hanya, an ɗaga marfin gabanta, tururi yana tashi. Sai direba ya ce: "Injin ya yi zafi!" Me ya faru? Sau da yawa ruwan injin ne ya zube.

Aikin ruwa a cikin injin

Injin yana ƙona mai domin mota ta yi tafiya. Ƙonawar nan tana kawo zafi mai yawa. Mu in mun yi gudu, zufa ce take sanyaya jikinmu. Shi injin ba ya zufa, ruwa ne yake sanyaya shi. Ruwan yana zagaya injin, yana kwasar zafi. Daga nan ya bi tiyo ya shiga lagireto. A can iska da fanka suke huce shi, sannan ya koma cikin injin.

Mai gadin ƙofa

A kan hanyar ruwan akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira termosta. Bai cika tafin hannu ba. Aikinsa kamar na mai gadi ne. Da safe, injin yana da sanyi, sai ya rufe ƙofa, ruwa ba ya zuwa lagireto. Ta haka injin yake ɗumama da sauri. A cikin termosta akwai wani abu mai kama da kakin zuma. In zafin ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, abin nan ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe.

Termosta yana zaune cikin wani ƙoƙo na alminiyam ko na roba mai ƙarfi. Wannan shi ne gidan termosta. An ɗaure shi a jikin injin da noti. Tsakaninsu akwai zobe na roba ko na takarda mai kauri, wanda yake hana ruwa fita.

Daga ina yoyon yake zuwa?

Zoben yakan tsufa, ya bushe, ya tsage. Gidan kansa yakan tsage saboda zafi, ko don an matse noti fiye da kima. Wani lokaci maɗaurin tiyo ne ya yi sako-sako. Ruwan rijiya ko na famfo zalla kuma yana kawo tsatsa, yana cin ƙarfe a hankali.

Yoyo yana farawa da ɗigo. Mai lura zai ga danshi a ƙasa, ƙarƙashin gaban mota. Zai ga farin gari ya bushe a bakin gidan termosta. Zai ga allurar zafi tana hawa wajen ja. In aka ƙyale, ruwa ya ƙare, injin ya buga. Zobe ba shi da tsada, amma gyaran injin kuɗi ne masu yawa. Rigakafi ya fi magani.

Yadda makanike yake gyara

Da farko yana jira injin ya huce sarai. Sai ya tsiyaye ruwan cikin kwano. Ya cire tiyo, ya kwance noti, ya fitar da gidan. Ya kankare tsohon zoben, ya goge wurin tas. In gidan ya tsage, sai ya sa sabo. Ya gwada termosta cikin ruwan zafi: in ƙofar ta buɗe, yana da kyau. Ya sa sabon zobe, ya ɗaure noti kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan. Ya zuba ruwan musamman na sanyaya injin, ya fitar da iskar da ta shiga. A ƙarshe ya ta da mota, ya duba ko akwai sauran ɗigo.

Waɗansu sukan cire termosta su jefar, wai ƙasarmu tana da zafi. Kuskure ne. In babu shi, injin yana daɗewa bai ɗumama ba, yana shan mai da yawa, yana saurin lalacewa.

Mu riƙe

Kada mu buɗe marfin lagireto in injin yana da zafi. Ruwan yana iya wuce digiri 100, ya yi tsalle ya ƙone fuska da hannu. Ruwan sanyaya injin yana da launi mai kyau, kore ko ja, yana kuma da zaƙi, amma guba ne. Kada mu ɗanɗana, kada mu bar ƙannenmu ko dabbobi su sha.

Kalmomi

lagireto: le radiateur
tiyo: la durite
zobe: le joint
gidan termosta: le boîtier du thermostat
yoyo: la fuite

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ruwa a cikin injin?
2. Yaushe termosta yake buɗe ƙofa?
3. Ku faɗi abubuwa 3 da suke kawo yoyo.
4. Don me makanike yake jira injin ya huce?