Daga rijiyar mai zuwa situdiyo: Sirrin muryar waƙoƙin fim

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wannan muryar: siririya, mai santsi, tana ɗan karkarwa kamar ta fito daga cikin ƙarfe. Da yawa na ɗauka baiwar mawaƙin ce zalla. To, akwai hannun na'ura a ciki, kuma asalin na'urar daga harkar neman man fetur ne!

Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya taɓa aiki da kamfanin mai na Exxon. Aikinsa shi ne nazarin amon da ake turawa cikin ƙasa ya dawo, don a gane inda mai yake kwance. Da irin wannan lissafin ya ƙirƙiri manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997. Ita sauraren murya take yi. Da mawaƙi ya kauce wa kiɗa, sai ta jawo shi ta mayar kan hanya. In kuwa aka murɗa ta har ƙarshe, sai muryar ta riƙa tsalle daga wannan amo zuwa wancan, kamar yadda duniya ta ji a waƙar "Believe" ta mawaƙiya Cher a 1998.

A daidai wannan lokacin, fiyanon Yamaha ne ke tashe a situdiyoyin Kano. Mutum ɗaya zai zauna ya fitar da ganga da sarewa da tafi da yatsunsa, irin kiɗan da ya sa fim ɗin "Sangaya" ya yi kasuwa. Da kwamfuta ta shigo situdiyo a shekarun 2000, sai gyaran murya ya biyo baya.

Furodusoshi sun samu sauƙi, don ba sai an tara makaɗa ba, kuma matasa da dama sun samu abin yi. Amma fa masu kalangu da goge sun rasa gurbi a fim. Sannan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shafe shekaru yana waƙa a gaban jama'a ba mai gyara masa murya. Mawaƙin da ya dogara da kwamfuta kuwa, sai dai a sa masa waƙarsa a wurin gala ya riƙa bi da baki. Ranar da na'ura ta tsaya ana tsakiyar wasa, ai ranar 'yan kallo za su ji muryarsa ta gaskiya.