Yadda Ake Kallon Zane: Asuba a Tashar Jiragen Ruwa

A shekarar 1872, wani mai zane ɗan ƙasar Faransa, Claude Monet, ya zana tashar jiragen ruwa ta Le Havre, garin da ya girma. Zanen ƙarami ne, faɗinsa santimita 63, tsayinsa 48. Idan ka yi masa kallo ɗaya, sai ka ce ba a gama shi ba. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci. Bi shi sannu a hankali.

Fara da abin da yake kusa da kai. Za ka ga ƙananan kwalekwale a kan ruwa. Wanda ya fi kusa ya fi duhu, kuma akwai mutane a ciki. Ba a zana fuskokinsu ba, amma tsayuwarsu ta nuna cewa sammako suka yi don neman abinci.

Daga nan ɗaga idonka zuwa nesa. Cikin hazo akwai sandunan manyan jirage, da injunan ɗaga kaya, da bututai masu fitar da hayaƙi. Ashe wurin ba na shaƙatawa ba ne, wurin aiki ne. Monet bai ɓoye hayaƙin ba, ya bar shi ya gauraya da hazon asuba.

Sannan dubi launi. Kusan komai shuɗi ne da toka-toka, sai rana kaɗai mai ruwan goro. Haskenta a kan ruwa 'yan gajerun layukan fenti ne kawai. Idan ka matsa kusa, fenti za ka gani. Idan ka ja da baya, sai ruwan ya zama kamar yana motsi.

Da aka baje kolin zanen a birnin Faris a 1874, wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi masa ba'a, yana ganin aikin gaggawa ne. Daga sunan zanen, Impression, soleil levant, ya laƙaba wa Monet da abokansa suna don izgili. Sunan kuwa ya bi su, har ya zama na salon zane da duniya take girmamawa. Yau zanen yana gidan adana zane-zane na Marmottan a Faris.

Saboda haka, duk sa'ad da ka tsaya gaban zane, tambayi kanka: Me yake kusa? Me yake nesa? Daga ina haske yake fitowa? Wane aiki mutanen suke yi?