Wane Ne Alhaji Babatunde Jose?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya rubuto yana neman tarihin Alhaji Babatunde Jose. To malam, an haife shi a Ikko cikin 1925. A 1941 ya shiga kamfanin jaridar Daily Times yana yaro mai koyon aikin ɗab'i. Sannu a hankali ya zama edita a 1957, manajan darakta a 1962, sannan shugaban kamfanin a 1968. A zamaninsa ba jaridar da ta kai ta kasuwa a Nijeriya. Amma a 1975 gwamnatin soja ta karɓe kashi 60 cikin 100 na hannun jarin kamfanin, a 1976 kuwa ya sauka. Ka ga ke nan, mai jari shi ke da jarida. Ya rasu a 2008. Da fatan ka gamsu.