Hanyar keke a birnin tseren motoci

Duk wanda ya ji sunan Indiyanafolis, babban birnin jihar Indiyana a Amurka, tseren motoci ne zai fara faɗo masa a rai, domin tun 1911 ake gasar nan ta mil 500 a can. Sai ga shi birnin da ya yi suna da mota shi ne ya yanke wa motoci wani yanki na titunansa, ya miƙa wa masu keke da masu tafiya a ƙafa.

Akwai dalili. A shekarun 1960 da 1970 aka shimfiɗa manyan hanyoyin I-65 da I-70, suka ratsa unguwanni, suka raba irin su Fountain Square da tsakiyar gari. Masu hali suka kwashe suka koma bayan gari. Gidajen tarihi da wuraren wasan kwaikwayo da gidajen abinci suna nan, amma kowanne a tsibirinsa, ba ka zuwa daga wannan zuwa wancan sai a mota.

Brian Payne, shugaban gidauniyar Central Indiana Community Foundation a lokacin, shi ya fara tallata shawarar a farkon shekarun 2000: a ɗinke unguwannin nan da hanya guda. Dabararsa ba ta buƙaci rushe gidan kowa ba. Titunan tsakiyar birnin, waɗanda Alexander Ralston ya zana a 1821, suna da faɗi sosai, don haka aka rage layin mota ko wurin ajiye ta, aka daɓe wurin da bulo mai launi, aka dasa itatuwa, aka sa fitilu da kujeru. A gefe aka yi ramukan shuke-shuke masu shanye ruwan sama, don kada ya cika magudanai.

An soma aiki a 2007, aka buɗe a watan Mayun 2013. A lokacin tsawon hanyar mil 8 ne, wato kusan kilomita 13, kuma ta ci dala miliyan 63. Attajirin nan Eugene Glick da matarsa Marilyn suka ba da miliyan 15, gwamnatin tarayya ta ƙara miliyan 20.5 a 2010. Abin da ya fi burge ni shi ne miliyan 6 da aka keɓe tun farko a asusun kula da hanyar, da wata ƙungiya mai zaman kanta da aka ɗora wa alhakin shara da gyaran fitila da kwashe dusar ƙanƙara. Mun sha ganin aikin da aka yanke masa ƙyalle da kaɗe-kaɗe, bayan damina biyu ciyawa ta cinye shi.

A 2015 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Indiyana ta ƙiyasta cewa darajar gidaje da filayen da ke daf da hanyar ta ƙaru da kusan dala biliyan 1 tsakanin 2008 da 2014. Magoya baya suna yawan ambaton wannan adadi. Sai dai ba hanyar kaɗai ta jawo shi ba, domin lokacin ne Amurka ke farfaɗowa daga karayar tattalin arziki. Kuma tsadar fili riba ce ga mai gida, ɗan haya kuwa ƙarin kuɗi yake gani. A Fountain Square shaguna sun buɗe, titin Virginia da ya ratsa unguwar ya cika da sababbin benaye, wasu tsofaffin mazauna unguwar kuma suka tattara kayansu zuwa inda aljihunsu zai iya.