Ko Kun San Tsohuwar Bindigar Da Aka Sayar Kusan Dala Miliyan Biyu?

A wannan makon shafinmu zai leƙa Amurka, inda ake da mutanen da aikinsu shi ne tara tsofaffin bindigogi, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Ba don harbi suke sayensu ba. Ajiyewa suke yi a akwatin gilashi. Wadda suka fi nema sunanta Colt Walker, ƙaramar bindigar hannu irin wadda ake kira libarba, an ƙera ta a shekarar 1847. A 2018 an yi gwanjon guda ɗaya, aka saye ta dala miliyan 1.84. Ku lissafa da kanku a naira.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga yadda 'yan bindiga ke yi. Su zuba albarushi ta baki, su danna, su harba sau ɗaya, sai kuma a sake ɗuri. Yawancin bindigogin da haka suke. Samuel Colt, wanda aka haifa a 1814, shi ya shahara da gyara wannan matsala. Ya sa wa bindigarsa wata ganga mai juyawa mai ramuka. Kowane rami ana zuba masa albarushi, a ɗora dunƙulen dalma, a danna shi da wani ƙarfe da ke ƙarƙashin bututun. A bayan kowane rami kuma ana kifa wata 'yar hula ta tagulla mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa da wuta idan an doke shi. In ka ja gudumar baya, gangar za ta juya ta kawo sabon rami. In ka ja kunama, guduma ta doki hular, wuta ta shiga albarushi. Ɗurin yana cin lokaci sosai, amma da an gama mutum zai yi harbi biyar ko shida a jere.

Colt ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1836, ya buɗe masana'anta a garin Paterson. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, kamfanin ya karye a 1842. Amma wasu dakarun doki na Teksas sun yi amfani da bindigar kuma ta burge su. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846, ɗaya daga cikinsu, Kyaftin Samuel Walker, ya haɗu da Colt suka tsara sabuwa wadda ta fi girma da ƙarfi, mai rami shida. Gwamnati ta ba da odar guda 1,000. Abin dariya shi ne a lokacin Colt ba shi da masana'anta, sai da ya kai aikin wajen Eli Whitney ƙarami. An ƙara guda 100 na sayarwa da na kyauta, jimla 1,100 ke nan. Walker kansa bai daɗe da ita ba, an kashe shi a fagen yaƙi a Meziko cikin watan Oktoba na 1847.

To me ya sa take da tsada haka? Ƙarancinta ne. Nauyinta ya kai kilo biyu, don haka a jikin sirdi ake rataye ta. Raminta yana cin albarushi da yawa, ƙarfen wancan zamani kuma ba shi da ƙwari kamar na yau, shi ya sa gangar da yawa daga cikinsu ta fashe. Wasu sun ɓace a yaƙi, wasu tsatsa ta cinye. Waɗanda aka san suna nan yau ba su kai 200 ba. Ku kwatanta da Colt Navy ta 1851, wadda aka ƙera fiye da 200,000. Ita ma tsohuwa ce, amma kuɗinta bai ko kama ƙafar na Walker ba.

Masu tarawa suna da ƙa'idoji masu ban mamaki. Suna duba lambar da aka buga a sassa daban-daban na bindigar, dole su zama iri ɗaya, in ba haka ba an san haɗe-haɗe ce. Na sojoji suna ɗauke da harafin rukuninsu, daga A zuwa E. Suna son takardar da ke nuna hannun da ta bi tun farko. Wadda aka sayar a 2018 wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan ƙasar Denmak ne ya fara mallakarta, kuma tana cikin akwatinta na asali. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a son a goge ta. In ka sa yashi ka wanke ta tana ƙyalli kamar tukunyar amarya, ka zubar da kuɗinka, domin tsohon launin shi ake saye.

Inda kuɗi yake, 'yan damfara ba sa nisa. Akwai kamfanoni a Italiya da ke ƙera kwafin Walker, kuma ba ɓoyewa suke yi ba. Sai wani ya sayi kwafin, ya kankare sunan kamfanin, ya sa ta yi tsatsa, ya buga lambar ƙarya, ya ce ta 1847 ce. Saboda haka mai hankali ba ya biya sai ƙwararre ya duba.

Akwai kuma abin da nake ganin bai kamata a manta ba. A jikin gangar an zana hoton dakarun Teksas suna faɗa da Komanci, wata ƙabila daga cikin mutanen asalin ƙasar da aka ƙwace wa filayensu. Masu gwanjo suna ƙara kuɗi idan zanen bai goge ba.

Zamanin irin wannan bindiga bai yi tsawo ba. Colt ya mutu a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Zuwa 1873 kamfaninsa ya fito da bindiga mai cin harsashi na gwangwani, wanda albarushi da dalma da hula duk suna haɗe wuri ɗaya.