Ƙaramin Digirin Bayoloji: Nawa Ake Kashewa, Nawa Yake Dawowa?

Mas'alarmu ta wannan fitowa ita ce wata takardar shaida da ake bayarwa a ƙasar Amurka, wadda suke kira asoshiyet, wato ƙaramin digiri na shekara biyu. Za mu duba wanda ake yi a fannin bayoloji, ilmin halittu masu rai, mu ga ko yana mayar da kuɗin da aka zuba masa. Dalili kuwa, muna da takwarorinsa a nan gida, kuma bai kamata uba ya sayar da gona ko saniya a kan cinikin biri a sama ba.

Da farko ka sani, ya kai ɗalibi, ana yin wannan karatu ne a kwalejojin al'umma, waɗanda akasari suke kusa da gidajen ɗalibai. Ta farkonsu ta gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, an buɗe ta a 1901. Abin da ake karantawa a wannan shekara biyu daidai yake da rabin farko na cikakken digiri mai shekara huɗu: bayoloji, kimiyyar haɗa sinadarai, lissafi da Turanci.

To, nawa ake biya? A zangon karatu na 2023 zuwa 2024, ɗan yankin da kwaleji take yana biyan kimanin dala 4,000 a shekara. Jami'ar gwamnati kuwa tana karɓar fiye da dala 11,000 daga ɗan jiharta. Kun ga wanda ya fara da kwaleji ya tsira da wajen dala 14,000 a shekara biyu, ban da kuɗin haya da abinci idan a gidan iyayensa yake kwana. Amma fa baƙo da ya zo daga wata ƙasa ba ya samun wannan rangwame, nasa kuɗin ya fi haka nesa.

Sai kuma abin da yake dawowa. Ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta 2023 ta nuna cewa matsakaicin albashin mai takardar sakandare dala 899 ne a mako, mai ƙaramin digiri dala 1,058, mai cikakken digiri dala 1,493. Wato ƙaramin digiri ya ƙara dala 159 a mako, wajen dala 8,000 ke nan a shekara. Amma tsakaninsa da cikakken digiri akwai dala 435 a kowane mako.

A nan sai ka lura da kyau. Wannan lissafi ya haɗa dukkan fannoni ne, ba bayoloji kaɗai ba. Masu ɗaga shi sama su ne waɗanda suka koyi sana'a takamaimai a shekara biyun, suka ci jarrabawar lasisi: masu jinya, masu ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, masu wanke haƙori. Alal misali, mai wanke haƙori ya sami kimanin dala 87,000 a 2023. Shi kuwa mai taimaka wa masu bincike a ɗakin gwajin bayoloji ya sami kimanin dala 51,000, kuma galibi sai da cikakken digiri ake ɗaukarsa. Ka ga wanda ya tsaya a bayoloji zalla na shekara biyu, ya san ƙwayar halitta da yadda jini ke gudana, amma ba shi da lasisin taɓa majiyyaci, ba shi kuma da digirin da ɗakin bincike yake nema. Aikin da ya rage masa shi ne na ƙaramin mataimaki, mai ɗan albashi.

Saboda haka fa'idar wannan takarda ita ce ta tsani. Mai ita yakan wuce jami'a ya shiga aji uku, ya fita da digiri iri ɗaya da na wanda ya fara daga aji ɗaya, alhali ya biya kuɗi kaɗan. Sharaɗin shi ne jami'ar ta amince da darussan da ya yi. Idan ta ƙi wasu, sai ya maimaita, ya sake biya, ribar ta zube.

A Nijeriya abin da ya yi kama da wannan shi ne ƙaramar difloma ta shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, musamman ta aikin ɗakin gwaje-gwaje, da kuma NCE ta shekara uku. Mai NCE a bayoloji ya fita da sana'a a hannu, wato koyarwa. Mai ƙaramar difloma yana iya yin shekara guda ta sanin makamar aiki ya koma babbar difloma, ko ya nemi shiga jami'a aji biyu ta hannun JAMB idan sakamakonsa ya yi kyau. Ba a kiransa bautar ƙasa sai ya kammala ɗayan biyun.

Don haka, ya ku iyaye, kafin ku biya ko sisi ku yi tambaya uku. Shin hukuma ta amince da wannan kwas a wannan makaranta? Wane aiki ake ɗaukar mai takardar, kuma da lasisi ko babu? Wace jami'a ce za ta karɓe shi, a aji nawa? Kai kuma ɗalibi, ka tsai da niyyarka tun ran gini tun ran zane. In aiki kake buƙata da wuri don ka tallafi gida, zaɓi kwas mai lasisi. In bayoloji kake so har zuci, to ka shiga da shirin ƙarasa digiri, ka kuma riƙe maki mai kyau tun zangon farko, domin da shi za a auna ka ranar wucewa.

Allah Ya sa albarka a karatunku. Wassalam.