Injin kwance noti mai batir: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Duk wanda taya ta taɓa sace masa a hanya ya san cewa ɗaga mota da jak ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce noti guda ɗaya da ya ƙi motsi, har mutum ya hau kan sifana da ƙafa biyu yana tsalle. Saboda irin wannan notin ne aka ƙera injin da ake rubuta wa impact wrench a jikin kwali. A da sai a manyan gareji ake ganinsa, yana aiki da iskar kwamfuresa, amma yanzu mai batir ya cika kasuwa, kuma tallarsa na yawo a Facebook da TikTok. Matsalar ita ce yawancin tallar na nuna lambar da ba ita ce ke kwance noti ba.

Injin ba murɗawa kawai yake yi ba, duka yake yi. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai nauyi kamar guduma da ke juyawa. Idan noti ya turje, gudumar sai ta riƙa bugun sandar da ke riƙe da soket, sau dubu biyu zuwa uku a minti ɗaya. Wannan bugun ne ke fasa riƙon tsatsa, kuma shi ya sa injin ba ya murɗe hannun mai riƙe da shi kamar yadda dirila ke yi idan ta cije.

Ana auna ƙarfin murɗawa da Nm. Idan aka rataya nauyin kilo 10 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, an samu kusan Nm 100. Notin tayar Toyota Corolla Nm 103 ake so a ɗaure shi, notin tsakiyar shaf ɗinta kuwa Nm 216, sannan boltin fulin injin wasu motocin Honda ya kai Nm 245, kuma makanikai sun san taurin kansa. Sai dai ƙarfin da aka ɗaure noti da shi ba shi ne zai kwance shi ba. Bayan damina biyu ko uku, tsatsa da zafi sun haɗu, yana iya neman ninki biyu ko fiye.

Shi ya sa kamfanonin kirki ke rubuta lamba biyu, ta ɗaurewa da ta kwancewa. Makita DTW300 na da Nm 330 na ɗaurewa da 580 na kwancewa, kuma ya ishi mai mota da ke son canza taya kawai. DTW700 ya kai 700 da 1,000, wanda shi ne ya fi dacewa da makaniken da ke taɓa ƙafar mota da shaf kullum. DeWalt DCF899 kuwa ya kai 950 da 1,625, amma yana da nauyi, kuma ba ya shiga lungu. Mai saye ya duba wace lamba aka nuna masa, domin ɗan kasuwa babbar yake ɗagawa.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen batir. Za a ga an rubuta 88V, ko ma 288V, a jikin ɗan injin da bai kai girman bulo ba. Idan aka buɗe irin wannan batir, yawanci ƙwaya biyar ce jere a ciki, kowace na ba da bolt 3.6, ta kai 4.2 idan ta cika. Ke nan 18V da 20V da 21V duk kusan abu ɗaya ne, sunan ne ya bambanta. Abin da ya fi amfani shi ne lambar Ah: batir mai 4Ah ko 5Ah na ba injin ƙarfi fiye da mai 2Ah idan aiki ya yi tsanani, ba daɗewa kawai yake yi ba. Kuma kafin a saya, a tambaya ko ana samun batirin canji da caja, don batir ne ke fara mutuwa, musamman idan ana barin sa cikin but a zafin Afirilu.

Akwai kuma ɗan'uwansa da ake kira impact driver, mai ƙaramin rami mai kusurwa shida. Na ɗaure sukuru ne a katako da kwano, kuma suna kama sosai a hoto. Na mota bakinsa murabba'i ne, kuma rabin inci shi ne daidai. Mai inci ɗaya na tirela ne.

Soket ma nasa daban ne. Farin soket mai ƙyalli da ake amfani da shi da hannu yana iya tsagewa ya yi tsartuwa a fuska. Na injin baƙi ne, mai kauri, an rubuta Cr-Mo a jikinsa. A zaɓi mai kusurwa shida wanda ya zauna cif a kan notin, kuma a rage jona ƙarin sanda, domin kowace mahaɗa tana shanye wani ɓangare na bugun.

Idan noti ya ƙi, ci gaba da danna injin ba dabara ba ce. Bayan ’yan daƙiƙu bai motsa ba, sai a tsaya, a goge zaren da burushin waya, a fesa man kwance tsatsa, a ba shi lokaci ya ratsa. Wani lokaci ɗan bugawa ta wajen ɗaurewa kafin a juya baya yana fasa riƙon. Zafi ma na aiki, a gasa notin ya buɗe, amma ba kusa da tankin mai, bututun birki ko robobi ba, kuma ba nan take bayan an fesa mai ba. Wani abu da ke karya bolti a banza: wasu manyan motocin Japan, irin su Canter, notin tayoyinsu na hagu zarensa a juye yake, kuma ana buga harafin L a kansa. Wanda bai lura ba ƙara ɗaurewa yake yi.

Wajen mayar da taya, da hannu ake fara saka noti har ya hau zare sosai, sannan a ɗan matse da injin a ƙaramin giya, ana tsallake-tsallake tsakanin notocin. Ƙarshen ɗauri na sifanar awo ne, wadda ke yin ƙas idan ta kai lambar da kamfanin motar ya rubuta a littafinta. Injin da ke ba da Nm 700, idan aka sake shi a kan notin da ke son 103, zai ja boltin ya miƙe, kuma boltin da ya miƙe yana iya tsinkewa mota na cikin gudu.